Amanar Itacen Gona



Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya saukar da ruwa, ya fitar da tsiro iri-iri domin abincinmu da na dabbobinmu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya iyayena da ƴan uwana na wannan zaure, mafi yawan tambayoyin da ake turowa nan na tsarki ne da salla da azumi da zakka, kuma haka ya dace, domin su ne ginshiƙai. Amma akwai wani babi da ban taɓa ganin an yi tambaya a kansa ba, alhali kusan kowane ɗayanmu yana shiga cikinsa kowace shekara. Mene ne hukuncin sare gawo a gonar da ba taka ba? Mene ne haƙƙin magada a kan itatuwan da ke cikin gonar mamaci? Wanda ya zuba guba a buhun wake ya kai kasuwa bai faɗa ba, mene ne matsayin kuɗinsa? Mu mutanen Agye da Gazawa da Gidan Runji manoma ne da makiyaya. Ranar hisabi za a tambaye mu a kan abin da aka damƙa a hannunmu, kuma mafi yawan abin da aka damƙa mana ƙasa ce da itace da ruwa.

*Abin da idanunmu suka gani*

Na girma a lokacin da ake auna ƙwazon manomi da tsaftar gonarsa. Da bazara a fita sassabe, a share sabara da kalgo da geza ƙarƙaf, a tara a cinna wuta, gona ta zama kamar farfajiyar masallaci. Haka malaman gona suka koyar tun zamanin noman gyaɗa, kuma dokar gandun daji ta wancan lokaci ta ƙara wa abin ƙarfi: itacen da ke gonarka na hukuma ne, in ka sare shi ko ka yi masa aski ba da takarda ba, tara ta hau kanka. Wa zai rena abin da zai jawo masa tara? Sai mutane suka riƙa kashe tsiron tun yana ƙarami.

Sakamakon bai ɓoyu ba. Waɗanda suka kai shekaruna suna tuna yadda iskar farkon damana ke zuwa bayan shuka, ta kwaso rairayi ta binne hatsi ko ta yanke shi tun yana ganye biyu. A sake shuka, a sake, wani lokaci har sau uku, iri ya ƙare a rumbu, damana kuma ta yi nisa. Iyayenmu mata su fita tun bayan asuba neman makamashi, su dawo rana tsaka da kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya koma gona ya zama taki. Sannan fari ya zo a 1973 da 1974, ya sake dawowa a 1984, yunwar da mutanenmu suka laƙaba wa suna El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. A watan Mayu na 1984 ɗin, zamanin Seyni Kountché, aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a nan birnin Maraɗi, domin abin ya kai inda ba a iya kau da kai.

An dasa itatuwa da yawa a waɗannan shekaru, amma kaɗan suka rayu: rana ta ƙone wasu, awaki suka cinye wasu, gara ta gama da saura. Mafita ta fito daga inda ba a zata ba. Wani masanin noma ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura a 1983 cewa ƴan kurmin sabara da kalgo da muke sharewa kowace bazara kututturan itatuwa ne masu rai, saiwoyinsu na nan a zurfin ƙasa suna shan ruwa. Abin da ake buƙata kawai shi ne a zaɓi rassa biyu ko uku mafi ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a kare su daga gatari da wuta. Wannan shi ne abin da muke kira sassabin zamani. Dattawa sun ce kakanninsu sun san irin wannan, an dai bar shi ne. Ba ya cin kuɗi, ba ya buƙatar ban ruwa, adda da haƙuri kawai yake so.

Bayan shekara ashirin, masu binciken da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta cewa manoman Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram, sun raya itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta kusan miliyan 5. Garin Ɗan Saga na gundumar Agye ya zama makarantar da baƙi daga ƙasashe ke zuwa gani, saboda mutanensa sun kafa kwamitin tsaron itatuwa da ya haɗa manoma da makiyaya da mata, suka sa ƙa'ida da tara a kan mai sara ba da izini ba. A 2018 aka ba Rinaudo wata babbar lambar yabo ta ƙasar Suwidin tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da aikin tassa. Hukuma ma ta biyo baya: dokar gandun daji ta 2004, sannan ƙudurin watan Yuli na 2020 da ya tabbatar wa manomi haƙƙi a kan itacen da ya rena a gonarsa.

Na kawo wannan tarihi domin mu gane girman ni'imar da ke hannunmu. Kowa ya san yadda hatsi ke yin kyau a ƙarƙashin gawo, itacen da Allah ya sa yake zubar da ganye da damana, lokacin da shuka ke son rana, ya yi kore da rani, lokacin da dabba ke son inuwa da abinci. A yunwar 2005 na ga gidajen da suka tsallake da kuɗin itacen da suka sassabo daga gonakinsu, da ganyen kuka, da ƴaƴan aduwa da magarya, ba tare da sun sayar da gona ko sun tafi ci-rani ba. Ni'imar da aka samu da wahala irin wannan, in ba a gode mata ba, tana iya gushewa.

*Abin da shari'a ta ce*

Alƙur'ani, a Suratul Rum aya ta 41, ya danganta ɓarnar da ke bayyana a tudu da ruwa ga abin da hannayen mutane suka aikata, kuma ya nuna cewa ana ɗanɗana mana wani sashe na sakamakon ne domin mu komo. A Suratul A'araf an hana yin ɓarna a ƙasa bayan an gyara ta. Ku dubi wannan da kyau, ƴan uwa. Ƙasarmu ta lalace, Allah ya ba iyayenmu ikon gyara ta. Wanda ya zo yanzu ya maida ta kango, a wane sahu ya sa kansa?

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, abin da ma'anarsa ita ce duk Musulmin da ya dasa ko ya shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga ciki, an rubuta masa sadaka. Imamu Ahmad ya ruwaito umarnin dasa ɗan dabinon da ke hannu ko da Alƙiyama na shirin tsayawa. Abu Dawud ya ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan sare magarya, ya kuma fassara shi da wanda ya sare wadda matafiya da dabbobi ke fakewa a inuwarta, bisa zalunci ba da haƙƙi ba. A cikin Muwaɗɗa, littafin da muke karantawa a zaurukanmu, Sayyidina Abubakar ya yi wa kwamandan yaƙinsa wasiyya kada ya sare itace mai ba da ƴaƴa. In a fagen yaƙi, a ƙasar abokan gaba, an hana haka, ina ga gonar maƙwabcinka Musulmi a lokacin zaman lafiya? Malamanmu na wannan yanki ma ba su bar babin ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi sukutum, Ta'alimur Radi, a kan hukuncin ƙasa da raya ta da keɓe hurumi domin amfanin jama'a.

*Satar da ba mu ɗauka sata ba*

Shekara uku da suka wuce, na je gona da sanyin safiya bayan an cire amfani, na tarar an sare mini ƙirya biyu da gawo ɗaya daga tushe. Gawon nan shekara goma sha ɗaya ina renonsa. Sawun amalanke ya nuna hanya har bakin gari, ba a sha wahalar gano mai aikin ba. Mutum ne da muke haɗa kafaɗa da shi a sahu, wanda na tabbata ko da yunwa za ta kashe shi ba zai kwance akuyar wani ba. Da dattawa suka zaunar da mu, abin da ya faɗa shi ne ya sa ni wannan rubutu. Ya ce: "Malam, ai itace ne kawai, Allah ne ya fito da shi, ba kai ka dasa ba."

Na yafe masa, kuma har yau muna gaisawa. Amma maganarsa tana bakin mutane da yawa, shi ya sa ya wajaba a amsa ta. Gaskiya ne Allah ne ya fito da itace, kamar yadda shi ne ya fito da hatsi kuma shi ne ya halicci akuya. Wannan bai halatta wa kowa shiga rumbun wani ba. Itacen da ke cikin gona mai mai ita, wanda ya zaɓe shi ya datse shi ya kare shi shekara da shekaru, dukiyarsa ce, kuma dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da yardarsa. Wanda ya sare shi a ɓoye ya ci haram, kuɗin gawayin da ya yi da shi haram ne, kuma tubarsa ba ta cika sai ya biya ko an yafe masa. Mai sayen da ya san na sata ne ya yi tarayya a zunubin.

Cutarwar ma ta wuce mai gona. Duk wanda aka yi wa haka sau ɗaya, sau biyu, zuciyarsa kan mutu, ya ce gara ya sare abinsa da kansa tun kafin a riga shi. Da haka gari guda kan koma gidan jiya saboda mutum uku ko huɗu. Na san ƙauyukan da suka fara sassabin zamani da ƙarfi suka watsar, kuma dalilinsu ke nan.

Ga ƴan uwanmu makiyaya ma akwai magana, kuma akwai magana a kanmu game da su. Hadisin Abu Dawud ya sanya mutane abokan tarayya a ruwa da ciyawa da wuta. Manomin da ya cinye burtali ya haɗa da gonarsa, ko ya toshe hanyar mashaya, ya ɗauki haƙƙin jama'a a wuyansa. Makiyayin da ya hau gawo ya gundule shi gaba ɗaya domin kiwon yini guda, shi ma ya zalunci mai gona, ya zalunci garken da zai biyo bayansa baɗi. Sassabe reshe da izini, a bar itace da rai, shi ne abin da kakanni suka saba, dabba ta ci ta bar taki. Rigimar manomi da makiyayi ta ci rayuka a wannan jiha, kuma sau da yawa daga ɗan abu irin wannan take farawa.

Sai rabon gado. Gonakinmu sun ƙanƙance, mutane sun yi yawa. Ana auna ƙasa da igiya a raba, ba a lissafa abin da ke tsaye a kanta. Wani ya sami ɓangaren da ke da gawo ashirin da kuka biyu, wata ta sami fili fetal, a ce an yi adalci. Wani lokaci ma babban wa ya sare manyan itatuwan ya sayar kafin a zauna rabo. Wannan cin dukiyar marayu da mata ne. Ina roƙon malamai masu rabon gado su riƙa ƙiyasta itatuwa kamar yadda suke ƙiyasta dabbobi da hatsin rumbu.

*Tukunyar gari da itacen ƙauye*

Ba zan ɗora laifi duka a kan talakan ƙauye ba. Amalanken itace da buhunan gawayi da ke shiga Maraɗi kullum, daga dajin Baban Rafi da gonakin da ke kewaye, tukwanen birni suke ciyarwa. Goribar Gulbin Kaba ma tana shan gatari da yankan kaba fiye da ƙima. Tun da matatar mai ta Damagaram ta fara aiki a 2011 ana samun gas na girki na cikin gida, kuma hukuma ta sassauta farashinsa domin a rage sare daji. Niyya ce mai kyau. Sai dai wa ke cin moriyar sassaucin? Mai albashin da ke iya sayen tukunyar gas da murhunta a tashi ɗaya, wanda kuma wurin cikawa ke kusa da gidansa. Matar ƙauye tana nan da hayaƙin kara a idonta da ƙirjinta.

A nan nake tuna abin da Buhari da Malik suka ruwaito game da Sayyidina Umar, lokacin da ya naɗa mai tsaron hurumin kiwo. Ya umarce shi ya shigar da mai ƴan raƙuma kaɗan da mai ƴan tumaki kaɗan, ya tsare garken manyan attajirai irin su Ɗan Aufu da Ɗan Affan, domin su in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino, shi kuwa talaka ba shi da wurin komawa. Wannan ma'auni ne ga duk wani tallafi na hukuma: a fara da wanda ba shi da wata mafita. Faɗa wa shugabanni haka cikin ladabi, ta bakin magadan gari da sarakuna da limamai, nasiha ce da addini ya ɗora mana. Wanda kuma Allah ya hore masa gas a gari, ya rage sayen gawayi da niyyar rage ɓarna, ina fata yana da lada a kan niyyarsa.

Haka ma a tsakanin ƙasashe. Hayaƙin masana'antu da motocin manyan ƙasashe ne ya fi ɗumama duniya, rabon Nijar a ciki bai taka kara ya karya ba, amma mu ne ke ganin damana ta rikice: wata shekara fari, wata shekara ambaliya irin ta 2024 da ta rushe gidaje a Maraɗi, ta kayar da tsohon masallacin Damagaram. A taron Sharm el-Sheikh na ƙasar Masar a 2022 an amince a kafa asusun biyan asarar da ƙasashe irin namu ke yi. Neman wannan haƙƙi daidai ne. Amma mai neman a biya shi diyya bai kamata a same shi yana rushe katangar gidansa da hannunsa ba.

*Guba, leda da sabon iri*

Abu uku zan taɓa a gurguje. Na farko, maganin ƙwari. Zuba piya-piya da makamantansa a cikin waken da mutane za su ci, sannan a sayar ba a faɗa ba, algus ne da cutarwa, kuma ƙa'idar shari'a ta hana cuta da cutarwa. Ga buhun nan mai ciki uku da masu binciken INRAN na Maraɗi suka taimaka wajen yaɗawa, yana kashe ƙwaro ta hanyar toshe iska, ba tare da ɗigon magani ba.

Na biyu, leda. Ku tambayi mahauta abin da suke fitarwa daga tumbin dabbobi. Tun 2014 akwai dokar da ta hana ledar nan maras kauri, amma ko ba doka, hadisi ya sanya kawar da ƙazanta daga hanya cikin rassan imani. Abin kunya ne a tashi daga tafsiri ko sallar Juma'a a bar harabar masallaci cike da ledar ruwa.

Na uku, irin da masana suka sauya wa ƙwayar halitta. A 2019 Najeriya ta amince da wani irin wake da cibiyar binciken noma ta Zariya ta fitar, mai jure tsutsar da ke cin fure da kwanso. Kasuwanninmu da na Katsina a haɗe suke, iri ba ya tsayawa a kan iyaka. Kada mu yi gaggawar cewa haram ne saboda saƙon murya da ba a san mai shi ba, domin haramtawa ba da ilimi ba zunubi ne babba. Kada kuma mu karɓa ido rufe. Haƙƙinmu ne mai sayarwa ya bayyana abin da yake sayarwa, hukuma ta bincika ta gaya wa jama'a da harshen da suke ji, malaman addini su zauna da malaman jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo kafin su yi fatawa. Kuma kowane gida ya ci gaba da ajiye irin gado na hatsi da wake da dawa, domin wanda ba shi da irin kansa, shukarsa na hannun wani.

*Abin da nake roƙo*

Ga limamai: ku ware huɗuba ɗaya kafin sassabe, ku bayyana hukuncin satar itace da cin burtali a fili, kamar yadda kuke bayyana hukuncin riba.

Ga magidanta: bana kowa ya bar sabbin kututture a gonarsa, gwargwadon abin da ba zai cutar da shuka ba, ya tafi da yaransa su ga yadda ake datsewa. Ranar 3 ga Agusta ana dasa itace a ko'ina cikin ƙasa, amma ladan yana ga wanda ya kewaye shi da ƙaya ya ba shi ruwa har ya wuce bakin akuya.

Ga kwamitin masallaci: ruwan alwala da ke kwarara a lungu yana tara sauro, a karkata shi zuwa gindin bedi ko zogale. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mudu guda na ruwa yake alwala. Mu da muke zubar da fiye da haka, aƙalla wani abu mai rai ya sha.

Ga wanda ya san ya taɓa sare itacen wani a ɓoye: ƙofar tuba a buɗe take. Je ka same shi tun kuna da rai, ka biya ko ka nemi yafiya, domin a can babu jika babu dala, da ladan salla da azumi ake biya.

Allah ya sa mu cikin masu gyara, ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinsa, ya ba mu damana mai albarka, ya jiƙan iyayenmu da suka raya wannan ƙasa bayan ta mutu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuma shi ne mafi sani. Wanda ya karanta ya isar wa wanda bai iya karatu ba.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.